Yadda Babanku Ya Bar Kalgo da Ƙafarsa

Zulai, bidiyon da kika turo mini a waya kwanan baya shi ya sa nake rubuta wannan babin na tarihin rayuwata, alhali na yi niyyar in tsallake shi in tafi da shi kabari. Tsofaffin Turawa ne a wani asibiti, masu ciwon karkarwa irin na babanku, an jera su bibbiyu ana sa musu kiɗa suna takawa. Kika rubuta a ƙasa wai, Inna kin ga ikon Allah, ashe rawa magani ce. Ashe! Sau ɗaya na kalla na kife wayar a kan tabarma. Sai da Bature ya yi, sannan kuka yarda. Da uwarku ta yi a tsakar gidanta, da mijinta na sunna, cewa aka yi ta zautu, ku kuma kuka ja bakinku kuka yi gum. To ku zauna ku karanta, ke da yayanku Abba da sauran ƙannenku, domin abin da aka gaya muku a Gwandu ba haka ya faru ba.

Rawar sunanta ca-ca-ca, kuma tun ina budurwa na koye ta, lokacin ina makarantar koyon jinya a Sakkwato, kafin a yanke mana Kebbi. Akwai wata likita da aka ɗauko daga ƙasar Kyuba, Dakta Marsela, baƙa wuluk, gajera, mai faɗa a ɗakin haihuwa kamar ta ari baki. Ranar Asabar da la'asar takan tara mu 'yan mata a ɗakin cin abinci, a ture tebura, a kulle ƙofa, babu namiji ko na magani, ta kunna rakoda. Ita ta ba mu asalin abin. Ta ce a babban birninsu, Habana, da wata rawa ake yi mai suna mambo, mai sauri, kiɗanta da sarƙaƙiya, mutane da yawa sai ƙafa ta harɗe musu. Wani mai goge cikin makaɗan ya lura da haka, sai ya sassauta kiɗan, ya fito da bugunsa fili yadda ko ɗan koyo zai ji inda zai sa ƙafa. Masu rawa suka shiga jan takalmi sau uku a ƙasa, takalman suna ca, ca, ca, sunan ya bi ta daga nan. Cikin 'yan shekaru ta haura Meksiko da Amurka da Turai, aka buɗe makarantun koyonta, aka shiga gasa a kanta, har ta iso Afirka cikin fayafayan garmaho, makaɗan Kwango suka cafe. Dakta Marsela ba ta yarda a ce ta iso ba, ita dawowa take cewa. A wajenta, gangunan da ke ƙarƙashin kiɗan kakanninta ne suka ƙetara da su cikin jiragen bayi daga wannan yanki namu, don haka kayanmu ne ta kawo mana, mu daina yi mata baƙunta.

Ba wata wahala gare ta ba. Mutum biyu su fuskanci juna, mai ja, wato jagoran rawar, ya ɗora hannun dama a allon kafaɗar abokin rawarsa, ya riƙe hannunsa da hagu a ɗage daidai kafaɗa. Ba a bugun farko ake tashi ba, sai a na biyu. A kan biyu ka jefa ƙafar hagu gaba ka sauke mata nauyinka duka, a kan uku ka mayar da nauyin kan ta baya, sai ka ja gajerun taku uku zuwa gefe, ca-ca-ca. Daga nan ka maimaita da baya da ɗaya ƙafar. Taku ƙanana, gaban tafin ƙafa ke fara taɓa ƙasa kafin dunduniya, ƙirji a miƙe, ido ba ya kallon ƙasa. Kaɗa ƙugun nan da mutanenmu ke gani su hau salati ba da gangan ake yinsa ba, gwiwa ce in ta miƙe ƙugu ya bi ta. Abin da likitar ta fi nanata mana har muka gaji da ji shi ne, ƙafar da ke ɗauke da nauyi ba ta tashi, sai ka sauke nauyin a kan 'yar'uwarta. Ni doguwa ce, saboda haka kullum ni ake ba matsayin namiji, ni ke ja. Da za ta koma ƙasarsu ta bar mini kaset ɗaya. Na yi aure, na jefa shi ƙasan adaka tare da tsofaffin zannuwa, na manta da shi.

Babanku kun san ɗan gidan malamai ne a Gwandu. Aiki ya kawo mu Kalgo, shi yana koyar da Arabiyya ni ina asibiti, muka yi gini muka zauna. Duk tsawon zamanmu ban taɓa kiran sunansa ba, Malam nake cewa, shi kuma bai taɓa riƙe hannuna a gabanku ba. Bayan ya yi ritaya ciwon ya fara. Hannunsa ya riƙa rawa a kan carbi, rubutunsa ya ƙanƙance, muryarsa ta dushe har sai ka kai kunne, fuskarsa ta daskare, ba murmushi ba ɓacin rai, ko da kuwa cikinsa dariya yake yi. Ku riƙe wannan maganar ta fuska, za ku ga inda ta kai mu. Maganin asibiti ya rage karkarwar, amma bai hana ƙafa kafewa ba. Yana cikin tafiya, da ya iso bakin ƙofa sai ƙafafun su manne da ƙasa, jiki yana son gaba su sun ƙi. Ya faɗi a ƙofar banɗaki ya fasa goshi. Ya daina zuwa masallaci, mutumin da in liman ba ya nan shi ake turawa gaba. Wannan ya fi ciwon cin ransa, na sha ganinsa yana kallon bango in an tayar da sallah. Ku kuna can, Abba a Abuja, ke a Kaduna, kuna aiko da magani kuna bugo waya, ban ce ba ku yi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata rana da hantsi ya kafe a ƙofar ɗakinsa da buta a hannu. Na tare shi ta gaba na riƙe, sai na lura nauyinsa a raba yake a kan ƙafa biyu, babu wadda ta sami sarari ta ɗaga. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya ce biyu, uku, na ɗan karkata shi kan ta dama. Ta hagu ta tashi. Ya taka, ya sake takawa, muka tsinci kanmu a gindin darbejiya. Ya tambaye ni wannan wane irin ƙirge ne da ba ya farawa daga ɗaya. Na zaunar da shi na ba shi labarin Dakta Marsela kaf, labarin da ban taɓa ba shi ba. Fuskar nan ba ta motsa ba, amma na ga kafaɗunsa suna girgiza.

"Kulu," ya ce, "ashe da 'yar rawa nike zaune ban sani ba."

Bai ce a kawo kiɗa nan take ba. Ya kwana yana juya abin, ya sa na sauko masa da littattafansa ya duba abin da zai duba. Washegari ya ce mace ce da mijinta, cikin gidansu ne, ga kuma lalura, in dai zai kai shi masallaci in ɗauko kaset ɗin, amma in rage murya kuma in rufe ƙofar zaure. Don haka duk wanda ya ce muku tilasta masa na yi, ku ce masa ƙarya yake yi. Malami ne, shi ya yanke hukuncinsa.

Muka shiga yi kullum bayan karin kumallo, tun bazara har damina ta kankama. Gajerun takun nan uku na gefe na mayar da su gaba, don mu riƙa ratsa tsakar gida daga ɗaki zuwa zaure. Da farko ni ke ja, shi yana bi yana huci. Sannu a hankali ƙirgen ya zauna masa a ka, ya zama ko ba kiɗa, in ƙafa ta kafe sai ya motsa leɓe ta saki. Ya koma masallaci. Mutanen unguwa suna ganin bakinsa yana motsi a hanya suna cewa Malam ba ya rabo da zikiri, shi kuwa biyu, uku yake yi. Wata safiya na kai hannu zan riƙe shi yadda na saba, sai ya sauke hannuna, ya ɗora nasa a allon kafaɗata, ya ce ai ni na gaya masa namiji ke ja. Ina gaya muku ba tare da kunya ba, tunda kunyar ba ta tsinana mini komai ba: waɗannan watanni su ne mafi daɗi a aurena. Da furfurata na san ɗumin tafin hannun babanku da rana tsaka.

Sai Goggonku Hajo, yayar babanku, ta zo dubiya daga Gwandu ba sanarwa. Ranar mai kawo mana ruwa ya fita ya bar ƙofar zaure a buɗe, ta yi sallama kiɗa ya danne. Ku tsaya ku ga abin da ta gani. Ƙanenta, malami ɗan malamai, da farin gemu, hannunsa a bayan mace, rakoda tana tashi, fuskarsa a murtuke, ga yawu ya ɗan zubo a gefen baki, wanda shi ma ciwon ne. Ƙwaryar furar da ta riƙo ta suɓuce ta tarwatse. Ta yi salati ta sanar da Ubangiji.

"Kulu, mi ɗan'uwana yay yi miki da za ki maishe shi birin wasa?"

Na kashe rakoda na fara yi mata bayani, kamar da bango nake. Babanku ya buɗe baki yana cewa Yaya magani ne, muryar ba ta kai gare ta ba. Ta nuna shi da yatsa tana kuka, ta ce in dubi fuskarsa, haka fuskar mai jin daɗi take? Na ce mata ciwon ne ya ɗaure fuskar, ko ranar suna haka za ta gan shi. Ta ce ai mu 'yan boko ba a rasa mu da magana. Ko ruwa ba ta sha ba ta koma tasha.

Kafin maganar ta zaga gidan gado ta yi 'ya'ya da jikoki. Wai ba na ba shi abinci sai ya yi rawa. Wai na zuba masa wani abu a fura na shanye shi. Wai mata nake tarawa suna tafa masa. Baffanku Alhaji Sambo, wan babanku, ya bugo wa Abba waya. Abba, nan ne nake riƙe da kai har yau. Ka yi magana da baffanka, ka yi da goggonka, ka kira ƙannenka ɗaya bayan ɗaya kun yi shawara, lambar uwarka ce kaɗai ta ɓace maka. Ni da na yi shekaru ina jinyar 'ya'yan wasu, babu wanda ya ga na isa a tambaye ni me nake yi da mijina.

Da hantsi suka iso, Alhaji Sambo da Abba, cikin motar Abba. Baffanku bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ko kallona bai yi ba. Ya zauna kusa da ƙanensa yana magana da iska, wai an yanke shawara Malam ya koma gida cikin 'yan'uwa, a dage da addu'a, a tsare masa mutuncinsa. Ranar na ɗaga murya a gaban wan mijina, abin da ban taɓa yi ba. Na ce su bi shi masallaci su gani, su tambayi liman, su tambayi likitan da ke duba shi. Na ce in suka kwantar da shi a tabarma ƙafar nan ta tafi ke nan. Da na ga ba a ji, na juya ga Abba. Kun san ɗan fari ne, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ban taɓa tsayar da ido a kansa ba. Ranar na kira shi da sunan, na ce ya dube ni. Ya sunkuyar da kai.

"Inna, ki yi haƙuri. Maganar ta riga ta fita gari."

Gari! Garin ne zai ɗaga ubanka in ya faɗi? Aka juya ga babanku don cika al'ada. Ya ce ku bar ni nan. Ni na ji, domin kunnena ya saba da muryar. Alhaji Sambo ya ce kun gani ko, ko magana ba ya iyawa. Babanku bai maimaita ba, don a gidansu ƙane ba ya musu da wa sau biyu. Shi ma na ji haushinsa a ranar, Allah Ya jiƙansa, na ji haushinsa ƙwarai.

Na haɗa masa kaya na koma ƙofar madafa na tsaya na harɗe hannu. Ya miƙe da kansa, ya ratso tsakar gida leɓensa yana motsi, baffanku yana gefe ɗaya Abba yana ɗaya. Da ya iso ƙofar zaure ta waje sai ƙafa ta kafe. Maƙwabta sun ga baƙuwar mota, sun taru a waje don yin sallama, mutanen da ke bin sa sallah. Baffanku ya kama hannu ɗaya ya ja, Abba ya kama ɗaya. Wannan ciwo kuwa in ka ja mai shi ƙara mannewa yake yi. Jikinsa ya rinjaya gaba, ƙafafu suna karkarwa a wuri ɗaya, hularsa ta faɗi. A raina na ce madalla, ku ja, ku ja ku gani. Na yi zaton in suka gaza za su haƙura su bar mini shi. Sai na ji Alhaji Sambo yana cewa a kawo bargo a ɗauke shi.

A bargo za a fitar da shi, a gaban unguwarsa, da ransa. Babanku ba ya iya juya wuya da sauri. Bai waiwayo ba. Zare hannunsa na hagu ya yi daga riƙon Abba, ya ɗaga shi daidai kafaɗa, tafin a buɗe yana karkarwa, ya bar shi a nan. Babu wanda ya gane abin da yake nufi sai ni. Na kuma san in na je, da hannuna zan miƙa shi. In na ƙi, mai yiwuwa in ci gardama, shi kuma a naɗe shi a bargo. Na ja mayafina na ratsa ta gefensu na tsaya a gabansa.

"Ku sake shi," na ce.

Suka sake. Na sa hannuna cikin nasa, ya ɗora ɗayan a allon kafaɗata, a gaban wansa, a gaban ɗansa, a gaban duk wanda ke tsaye a titin. Ban rage murya ba. Na ce biyu, uku. Ya sauke nauyi, ƙafar ta tashi. Ya tsallake dokin ƙofa ƙirjinsa a miƙe, shi yana turowa ni ina ja da baya, har bakin mota, babu tuntuɓe ko ɗaya. Ya tsaya ya ɗaga wa mutane hannu. Da yake da baya nake tafiya, fuskokinku nake kallo ta saman kafaɗarsa. Baffanku ya juya ya fuskanci bango yana istigfari. Kai kuwa Abba ka gani. Da idonka ka ga mutumin da ƙarti biyu suka kasa motsawa ya taka da ƙirge. Na ga bakinka a buɗe. Sannan ka zagayo ka buɗe masa ƙofar mota.

Na bi su Gwandu washegari a motar haya. Na tarar an sauke shi a shigifar baffanku, inda maza ke shiga dubiya tun safe har magariba. Ni tawa in kawo abinci in gaishe shi in fita. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun kula da shi iyakar saninsu. Ga rubutu, ga addu'a, ga farfesu, in zai zaga a ɗauke shi cak a kai shi a dawo da shi, ba a barin ƙafarsa ta taɓa ƙasa don tausayi. Na roƙi a bar mu mu biyu a rufe ƙofa, ba kiɗa, ƙirge kawai. Goggo Hajo ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ta zauna da carbinta. Ƙafar da aka daina tambaya mantawa take yi. Kafin kaka ya daina miƙewa, bayan nan ya daina zama, bayansa ya yi gyambo ina wankewa ina kuka. Sauran kun sani, kun zo jana'iza, kun ji ana cewa ai an yi ƙoƙari, kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ne ya ƙare, ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba. Da mutane nake jayayya.

Goggonku ta riga mu gidan gaskiya, na yafe mata, abin da idonta ya nuna mata ta bi. Baffanku ya tsufa, ba na neman komai a wajensa. Ku ne ban gama da ku ba, domin ku kun yi karatu, kuna da waya a hannu, kuna da uwa mai baki. Ba ban-haƙuri nake nema ba, ihu bayan hari ne. Zulai, kada ki sake turo mini tsofaffin Turawa. Abu ɗaya nake so, kuma in na mutu ba ku yi ba ban yafe ba. Na ji 'ya'yanku suna cewa wai kakansu ɗauko shi aka yi daga Kalgo don ya kasa tafiya. Ku gyara musu. Ku ce da ƙafarsa ya fita gidansa, kuma takun da ya yi daga zaure zuwa mota shi ne na ƙarshe da ya yi a duniya. Shi ke ja, ni ke bi.